Neman shawara: motar da na haɗa da hannuna tana shan ruwa tana ɗaukar zafi

Mai Walda:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke tattaunawa ban taɓa sa baki ba, yau dai larura ta kawo ni.

Shekara huɗu na yi ina haɗa wata ƙaramar motar gudu a gida, irin samfurin Lotus Seven ɗin nan mai kujera biyu, mara rufi. Shasin ni na yanka bututun ƙarfe na yi waldarsa. Injin K-series ne na kamfanin Rover, mai lita 1.8 da bawul 16, na ciro shi daga wata mota da ta yi hatsari. Ban buɗe cikinsa ba, bel ɗin taimin da famfon ruwa da fulogai kawai na canza. Lagireton na wata ƙaramar mota ne, don shi kaɗai ya iya shiga hancin. Tiyon ruwa da gorar ajiyar ruwa duk ni na tsara inda za su zauna.

Ta yi kamar kilomita 900 lafiya lau. Mako uku da suka wuce na shiga cunkoso, sai na ga allurar zafi ta kusa taɓa jan layi. Na kashe, na jira ta huce, na ƙara ruwa kamar rabin lita, na lallaba gida. Tun daga ranar ba ta koma daidai ba. In na tayar da ita da safe sai ta yi ta kakkarwa kamar silinda uku ne ke aiki, bayan daƙiƙa 20 ko 30 ta ware. Farin tururi yana fita ta salansa fiye da yadda na saba gani. Duk kilomita 50 sai na ƙara ruwa, alhali ban taɓa ganin ko ɗigo a ƙasa ba. Babban tiyon sama yana yin tauri kamar taya tun injin bai gama ɗumi ba. A ƙarƙashin murfin da ake zuba baƙin mai akwai wani abu fari-fari mai kauri, amma man da ke jikin sandar awo tas yake. Allurar zafi kuwa hawa da sauka take yi.

Zuciyata tana ba ni gaskit ɗin tof ne, wato shimfiɗar da ke liƙe tsakanin tof (kan injin da ke rufe silinda) da bulok (gangar jikin injin). Niyyata in sauke tof ɗin ƙarshen makon nan. Kafin in sa sufana, ina so in ji daga bakin waɗanda suka riga ni. Motar nan ta ci min shekaru, ba na so in ƙarasa ta da hannuna.

Ɗan Gareji:

Wa'alaikumus salam. Oga, wannan ko tantama babu, gaskit ya ƙone. Sauke tof ka sa sabo. In ka tashi mayarwa ka cire tamostat ɗin, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har sai injin ya yi zafi, ka jefar, ruwa ya riƙa zagayawa kai tsaye, ba za ta sake zafi ba. In kuma ba ka shirya aikin yanzu ba, akwai maganin liƙe tsaga da ake zubawa a lagireto, yana riƙewa na ɗan lokaci.

Tsohon Makaniki:

Malam Mai Walda, sannu da ƙoƙari. Wanda ya haɗa shasi da hannunsa ba zai kasa canza gaskit ba. Sai dai ka ajiye sufanar tukuna, ka kuma daina tuƙa motar daga yau.

Dalilina shi ne: da zarar ka sauke tof, ka ɓata duk shaidar da za ta gaya maka abin da ya faru. Gwaje-gwajen da ke nuna inda matsalar take, sai injin yana haɗe ake yin su. Sau da yawa na ga an sauke tof an tarar gaskit lafiyarsa ƙalau, an rasa inda za a dosa.

Bari in bi alamominka, don ba nauyinsu ɗaya ba. Farin abin da ke ƙarƙashin murfin mai, ni ba ya tayar min da hankali. Motar da ba ta doguwar tafiya, man ba ya zafin da zai kori laima, sai raɓa ta taru a murfi ta cakuɗe da mai. Tunda sandar awo tas take, mu ajiye wannan gefe. Tururin safe ma haka, ƙonewar fetur da kanta tana samar da ruwa, kowace mota tana yi in gari da sanyi. Abin dubawa shi ne ko yana ci gaba bayan injin ya yi zafi sosai, da kuma ko yana da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi irin na sinadarin sanyaya.

Biyu ne suka tsaya min a rai. Na farko tiyon da ke tauri tun ruwa bai yi zafi ba. Ruwa mai sanyi ba ya kumbura tiyo. In ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu, to akwai abin da ke hura masa iska, kuma a injin babu mai irin wannan ƙarfin sai silinda. Na biyu kakkarwar safe da ke warewa. In ka kashe injin da zafi, ruwan yana nan da matsi, silinda kuwa babu. Sai ruwan ya riƙa tsiyaya cikin silinda dare guda, da safe fulogin ya jiƙe, sai ya ƙone ruwan kafin ya kama. Nan ne haɗarin da ya sa na ce ka daina tuƙi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Ranar da ya taru da yawa ka murza makulli, fistan zai taho ya tarar da bango, sandar da ke riƙe shi ta lanƙwashe. Daga aikin gaskit ka koma neman wani injin.

Ga abin da nake so ka yi. Bar ta ta kwana. Da safe kada ka tayar, ka cire fulogai huɗun ka jera su yadda suke. Wanda ya fita fes kamar sabo a cikin 'yan'uwansa, tururi ne ya wanke shi. Haska tocila cikin ramukan ka duba kan fistan. Sannan ka yi awon matsin silinda: injin da ɗumi, fulogai duka a waje, a yanke fetur da wuta, totur a buɗe gaba ɗaya. Lambar kanta ba ta kai bambancin da ke tsakaninsu muhimmanci ba, bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba. Ka nemi kuma shuɗin ruwan gwajin nan da ake ɗorawa a bakin gorar ruwa. In hayaƙin ƙonewa yana shiga ruwan sanyaya, shuɗin zai koma ruwan ɗorawa.

Ɗan Gareji, ɗana, ban yarda da kai ba a kan abu biyu. Tamostat ba a banza aka sa shi ba, shi ke riƙe injin a zafin da aka auna gibin ƙarafunsa a kai, shi ke kuma daidaita yadda ruwa ke rabuwa tsakanin lagireto da gajeriyar hanyar da ke komawa injin. Maganin liƙi kuwa, matsin da ke cikin silinda lokacin ƙonewa ya ninka na ruwan sanyaya sau gommai, ba zai riƙe ba. Abin da zai liƙe shi ne ƙananan bututun lagireton da dama ya yi wa motar kaɗan.

Injiniyar Ƙarfe:

Ina tare da Baba a duk abin da ya faɗa. Ni tambayata ta koma baya kaɗan. Malam, ka ce matsalar ta fara ne ranar da motar ta yi zafi a cunkoso. To me ya sa ta yi zafin? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In gaskit ya mutu, a ganina zafin ne ya kashe shi, kuma in ba ka gano tushen zafin ba, sabon da za ka sa zai bi sahun tsohon.

A motar da kamfani ya ƙera, an gwada hanyar ruwa shekara da shekaru. A taka kai ne kamfanin. Don haka ka amsa min waɗannan. Ina gorar ruwa take in an kwatanta da saman injin? A irin wannan samfurin hanci ƙasa-ƙasa yake, lagireto yakan zauna ƙasa da tof, don haka dole layin ruwan da ke cikin gora ya fi kowane wuri tsayi. In ba haka ba iska za ta maƙale a cikin tof, daidai inda ya fi ko'ina zafi, wajen bawul ɗin fitar hayaƙi. Allurarka da ke hawa da sauka ta yi min kama da na'urar awon zafi da wani lokaci ke cikin ruwa, wani lokaci cikin tururi. Akwai siririn tiyo daga saman tof ko saman lagireto da ke mayar da iska gora? Murfin gorar sabo ne ko wanda ya zo da injin ne? Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma da matsin bar 1 sai ya kai kusan 120 kafin ya tafasa. Murfin da bawul ɗinsa ya gaji yana mayar da kai 100 ba tare da ka sani ba. Sannan tsakanin bakin hanci da lagireto, ka toshe gefuna ko iska tana da hanyar kewayewa? Iska ba ta son wahala, in ta ga giɓi ta nan za ta bi.

Gargaɗi ɗaya, ga duk mai karantawa: ba a buɗe murfin nan da zafi. Ruwan da ke digiri 110 a ƙarƙashin matsi, kana sassautawa yake zama tururi ya watso fuska.

Riwaya:

Oga, ni ta fannina zan zo. Motar da ke tafiya lafiya a buɗaɗɗen titi amma ta yi zafi in ta tsaya, fanka ake fara tuhuma. Kada ka tsaya a kan cewa tana juyawa, duba ina take tura iskar. Fankar da ke bayan lagireto jawo iska take yi zuwa wajen injin. In an juya wayoyi biyun nan, motar fankar za ta juya baibai, ta riƙa tura iskar injin mai zafi zuwa gaba. Ƙara ɗaya za ka ji, ba za ka gane da kunne ba. Riƙe takarda a gaban lagireto ka haɗa fankar kai tsaye da batir. In ta manne, daidai. In ta ture, ka samu ɓarawonka.

Ka gaya mana kuma wace kwamfuta ke sarrafa injin, tasa ta asali ko wadda ka saya ka tsara da kanka? In fetur ya yi ƙaranci ko wuta tana zuwa da wuri, injin yana ƙwanƙwasa, wannan ma yana cin zoben gaskit, wato zoben ƙarfen da ke zagaye bakin kowane silinda.

Mai Walda:

Allah ya saka muku da alheri. Na ajiye sufana kamar yadda Baba ya ce, na yi kwana uku ina gwaji. Ga abin da na samu.

Riwaya, hasashenka ya tabbata. Takardar turowa aka yi. Wata tara fankar nan tana juyawa baibai. Da na gani sai da na zauna, don na tuna daren da na haɗa wayoyin, na ji ta juya na ce shi ke nan. Kwamfutar kuwa tasa ce ta asali, ban taɓa komai a ciki ba.

Malama Injiniya, na ɗora ma'aunin daidaito na auna. Layin ruwan gora yana ƙasa da saman tof da kamar santimita 4. Na sa ta can ne don murfin injin ya rufu. Siririn tiyon fitar iska akwai bakinsa a jikin injin, amma na toshe shi da noti don ban san amfaninsa ba. Murfin gora tsoho ne. Gefunan lagireto a buɗe suke, hannuna yana shiga.

Baba, fulogi na 3 ya fita fari tas, sauran ukun launin ƙasa-ƙasa. Na ga ɗan ƙyalli kamar laima a kan fistan ɗinsa. Awon matsi a psi: na ɗaya 185, na biyu 180, na uku 150, na huɗu 183. Shuɗin ruwan ya koma ruwan ɗorawa kafin minti biyu.

Mai Tsohuwar Seven:

Sannu Malam. Ni ma irin injin nan ke cikin tawa, na sauke tof ɗinsa sau biyu. Kafin a yanke hukunci ina so a cire wani abu daga lissafi. A wannan injin, gaskit ɗin da ke tsakanin tof da bututun shigar iska shi ma yana riƙe ruwa. In ya saki, ruwa yana shiga silinda, ya ba da kakkarwar safe da tururi da raguwar ruwa, kamar dai na tof. Mutane da yawa sun sauke tof a banza saboda shi. Kuma na ga ba a yi maganar zoben fistan ko bawul ba, su ma suna rage matsi.

Tsohon Makaniki:

Tunatarwa mai kyau. Amma duba: hanyoyin ruwan wancan gaskit ɗin a gefuna suke, silinda na 1 ko na 4 ya saba jiƙawa, nan kuwa na 3 ne. Kuma ba shi da hanyar da zai tura hayaƙin ƙonewa cikin ruwa, ba zai taurara tiyo ba, ba zai canza launin ruwan gwaji ba. Duk da haka in ya tashi aikin ya sa sabo, tunda dama sai ya kwance shi.

Maganar zobe da bawul, gwaji ɗaya zai raba gardama. Malam, kawo fistan na 3 ƙololuwa a bugun matsi, lokacin da bawul duka suke rufe. Sa giya, ja birkin hannu, ka tura iskar kwamfireso ta ramin fulogi, sannan ka kasa kunne. In ka ji huci ta totur, bawul ɗin shiga ne. Ta salansa, bawul ɗin fita. Ta bakin zuba mai, zobe ne, kodayake kaɗan dole ka ji a can. In kuwa kumfa ya taso a gorar ruwa, magana ta ƙare. Sai dai ka sani, kumfa yana cewa silinda da ruwa sun haɗu ne kawai. Ko gaskit ne, ko tsagewar tof, ko silif ɗin silinda, wato bututun ƙarfen da fistan ke kai-kawo a ciki, sai an buɗe.

Mai Walda:

Na yi. Ko daƙiƙa biyar ba a yi ba ruwan gora ya fara tasowa da kumfa. Na gwada sauran ukun, shiru. Yanzu kam zan sauke. Akwai abin da ya kamata in sani game da wannan injin musamman?

Mai Tsohuwar Seven:

Akwai, kuma ka karanta da kyau, don ba a yi masa irin aikin da ake wa injin ƙarfen zubi ba. Tun fitowarsa a 1989 an tsara shi ne hawa-hawa, duka alminiyam, kuma dogayen kusoshi 10 ne ke ɗaure shi tun daga tof har ƙasan karanshaf. Wato kusoshin tof su ne kuma ke riƙe mazaunin karanshaf. Silindojin ba a jikin bulok aka huda su ba, silif ne na ƙarfe da aka zura, ruwa yana zagaye su kai tsaye, an liƙe ƙasansu.

Saboda haka doka ta farko: da zarar ka sassauta kusoshin, kada ka juya karanshaf ko kaɗan. In fistan ya motsa zai iya ɗaga silif ya karya liƙin ƙasa, ruwa ya riƙa zuba cikin baƙin mai bayan ka gama haɗawa. Ka daidaita alamomin taimin tun kafin ka cire bel, ka kulle kamshaf biyun. Tof yana tashi ka danne silif ɗin da manyan wasa (faifayen ƙarfe masu huda a tsakiya) da guntun bututu a kan tsoffin kusoshi. Kai mai walda ne, minti goma zai ɗauke ka.

Kwance kusoshi da injin a sanyaye, daga gefuna zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan. Ka jera su a kwali yadda suka fito. Ana gwada su: a mayar da kowanne raminsa da hannu ba tare da tof ba, a auna daga fuskar bulok zuwa ƙarƙashin kan kusa. In ya wuce milimita 97, ya tashi aiki. Ni dai sababbi nake sa wa, hankalina ya fi kwanciya.

Ka duba 'yan turaku biyu da ke daidaita zaman tof a kan bulok. Na farkon zamani na roba ne, daga baya aka koma na ƙarfe, kuma su ke zuwa da sabon gaskit. Wajen ɗauri: Nm 20 a sufanar awon ƙarfin ɗauri a zagayen farko, sannan a juya kowace kusa digiri 180, wato rabin juyi, sannan wani digiri 180, daga tsakiya zuwa gefuna bisa jerin da ke littafin gyaran injin. Ka sa ɗigon fenti a kan kowace kusa don kada ka rikice wadda ka juya da wadda ba ka juya ba.

Ɗan Gareji:

Na karɓi gyara, Baba. Gaskiya a kan injinan ƙarfe na koyi aiki, ban san ana iya ɗaga silif da juya karanshaf ba. Tambaya: in tof ɗin ya miƙe, dole ne sai an kai an goge fuskarsa? Mu duk wanda muka sauke sai mun kai.

Injiniyar Ƙarfe:

Ba dole ba ne, kuma gogewa ba tare da dalili ba asara ce, don naman da aka cire ba ya dawowa. A wannan tof ɗin abin da aka yarda a cire gaba ɗaya bai wuce milimita 0.2 ba. A fara da awo: miƙaƙƙen ƙarfen awo na gaske, a tsaye da a kwance da kusurwa zuwa kusurwa, ana zura siraran ganyen awon giɓi. Iyakar karkata milimita 0.05 ce.

Abin da ya fi karkata damuna shi ne laushi. Alminiyam ɗin tof an gasa shi ne ya yi tauri. In ya sha zafi fiye da kima, taurin yana tafiya, musamman ɓangaren hayaƙi. Sai zoben ƙarfen gaskit ya nutse cikinsa ya bar shata. In ka ja farce ka ji ya maƙale a shatar, ka sa masu injin gyaran ƙarfe su auna taurinsa, su kuma gwada shi da matsi don neman tsaga. Tof mai laushi ko an goge shi ya yi sumul, zoben zai sake nutsewa, ɗaurin ya saki.

Sannan ka auna tsayin silif. Ya kamata kowanne ya ɗara fuskar bulok da kamar milimita 0.1, kuma huɗun su zo kusan ɗaya. Wannan ɗan tudun shi ke danne zoben. Ka auna kowanne a wuri huɗu ka rubuta.

Mai Walda:

Tof ya sauka jiya da daddare, karanshaf bai motsa ba, na danne silif. Gani ya kori ji. A zoben silinda na 3, ɓangaren hayaƙi, akwai baƙar hanya siririya da ta ratsa zuwa wajen ruwa. Kan fistan ɗin ya wanku fes, sauran da baƙin gawayi. Robar da ke zagaye ramukan ruwa ta fara ɓarewa a wurare biyu. Turakun na roba ne. Tof ya nuna karkatar milimita 0.04 a tsakiya. Akwai shata a wajen na 3, ana ganinta, farce yana ɗan jin ta amma bai maƙale ba. Silif: na ɗaya da na huɗu 0.09, na biyu 0.08, na uku 0.07.

Yanzu na ga gaskit iri biyu: mai roba irin wanda na cire, da mai ganyen ƙarfe hawa-hawa da ke zuwa da wani siririn faranti daban. Wanne zan ɗauka?

Mai Tsohuwar Seven:

Da waɗannan lambobin ni mai ganyen ƙarfe zan sa. Sharaɗinsa silif su ɗara bulok kuma su daidaita, naka sun cika. Farantin da ke zuwa da shi tsakanin gaskit da tof yake zama, yana kare alminiyam daga zoben. Da silif ɗinka sun yi daidai da fuskar bulok ko sun nutse, da na ce mai roba, don ya fi haƙuri da rashin daidaito.

Tsohon Makaniki:

Ni ba zan zaɓa ba sai sakamakon tof ya dawo. Silif na 3 shi ne mafi ƙasa, shi ne kuma inda shatar take, wannan ba haɗuwar banza ba ce. Ka sake auna shi a ɓangaren hayaƙi kaɗai, sau uku. In lambar ta tsaya, kuma tof ya ci gwajin tauri da na matsi, a ɗan shafe fuskarsa iya abin da zai ɗauke shatar, sai in bi bayan maganar ɗan'uwana. In tof ya yi laushi, kada ka ɓata kuɗin gaskit a kansa, nemi wani tof.

Kafin nan kana da aikin da ya fi wannan. Ɗaga gorar ta hau sama da tof, ko da sai ka sake fasalin murfin injin. Buɗe bakin da ka toshe ka ja siririn tiyo zuwa gora. Sabon murfi, sabon tamostat, ka jefa shi a ruwan zafi da ma'auni ka ga ya buɗe kafin ka ɗaura. A wannan injin tamostat yana wajen shigar ruwa ne, kuma ruwan da ke cikin injin ba shi da yawa, shi ya sa ƙaramin kuskure a hanyar ruwa ke saurin zama babba. Toshe gefunan lagireto da falanki da soso. Juya wayoyin fanka.

Riwaya:

In ka juya wayoyin ka sake gwajin takarda, ka kuma duba fuka-fukan, don wasu an lanƙwasa su ne don ɓangare ɗaya. Ka sa ɗan fitila a gaban direba da zai kama duk lokacin da fanka ta tashi. Tunda kwamfutar asali ce, na janye zargin fetur da wuta.

Mai Walda:

Na sake auna na 3, 0.07 ne duk sau ukun. Gobe tof zai tafi gwaji. Na riga na yanka sabon mazaunin gora a jikin bangon da ke bayan injin, ta ɗara tof da santimita 6, murfin yana rufuwa da ƙyar amma yana rufuwa. Tambaya ta ƙarshe: ranar da na haɗa, yaya zan cika ruwan don kada iska ta sake maƙalewa?

Injiniyar Ƙarfe:

Ka fara da wanke lagireto da tiyo, ka zubar da tsohon baƙin mai da tacensa, don ruwa ya taɓa shi lokacin sauke tof. Tsohon ruwan sanyaya a rufe shi a jarka, guba ne kuma yana da zaƙi, yara da dabbobi suna iya sha.

Haɗa sinadarin sanyaya da tataccen ruwa rabi da rabi. Ruwa zalla yana cin alminiyam. Ɗaga gaban motar har saman lagireto ya taso, buɗe duk wani noti na fitar iska, in akwai hita ka buɗe ta gaba ɗaya. Zuba a hankali ta gora, kana matsa tiyon ƙasa da hannu. Kowane noti ka rufe shi sai ruwa ya fito ba kumfa. Kafin ka murza makulli, juya injin da sufana zagaye biyu ka tabbatar alamomin taimin sun dawo wurinsu, don a wannan injin fistan da bawul suna iya karo. Ka ɗora famfon gwaji a bakin gora, ka ba shi bar 1, ka bar shi minti 15 ka ga ko allura za ta sauka.

Sannan ka tayar, ka bar ta a silo. Sa hannu a tiyon sama a minti biyun farko, ya kamata ya kasance da laushi. Jira ka ji lagireto ya ɗauki zafi daga sama har ƙasa, fanka ta tashi ta mutu sau biyu. Kashe, bar ta ta huce sarai, cika zuwa layi, ka ja alama da alƙalami a jikin gora. Washegari kafin ka tayar ka cire fulogi na 3 ka haska ciki, ka turo mana abin da ka gani tare da sakamakon taurin tof ɗin.